Nazarin Fasahar Zamanin Tsakiya a Jami'a: Darasi Daga Gonakin Arewacin Kano

Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda ya kamata ɗalibin jami'a ya tunkari nazarin fasahar mutanen da suka rayu tsakanin ƙarni na 7 da na 16, musamman ɗalibin da ya taso a karkarar arewacin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta. Abin da ake nufi da fasaha a nan shi ne duk aikin hannun da aka yi da gwaninta har ya zarce biyan bukata ya kai ga ƙawa, kamar gini da saƙa da rini da ɗinki da ƙira da dukanci da sassaƙa da ginin tukwane da zayyanar littattafai.

Tun daga sunan zamanin ake fara cin karo da wahala. Malaman Italiya na ƙarni na 15 ne suka raba tarihinsu gida uku. Suka ɗauki zamanin Girkawa da Rumawa a kan shi ne na farko mai daraja, suka ɗauki nasu a kan farfaɗowar wancan, sa'an nan shekaru kusan dubu da ke tsakani, daga faɗuwar mulkin Rum ta yamma a 476 zuwa wajen 1500, suka kira su Zamanin Tsakiya. Suna ne na raini tun asali. Ga mutumin Alƙahira ko Kurɗuba ko Tambutu kuwa, waɗannan shekaru su ne na bunƙasa, ba tsakiyar kome ba ne. Haka nan ga Bakano, domin a cikinsu ne aka zauna gindin Dala, aka ja ganuwa, Musulunci ya shigo fada, aka kafa Kasuwar Kurmi. To, sunan ya riga ya zauna a jami'o'in duniya, kuma yana da amfani guda: yana tilasta wa ɗalibi ya jera ƙasashe kafaɗa da kafaɗa a kan ma'aunin shekaru ɗaya. Alal misali, bisa lissafin da aka saba bi, Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) shi ya fara ganuwar Kano, aka kammala ta a zamanin Yusa, wanda ake ce wa Tsaraki (1136 zuwa 1194). A cikin mulkin Tsarakin nan ne, a 1163, aka sa harsashin babbar majami'ar Notre-Dame a Faris. Sa'ad da Sarki Yaji yake kan gado (1349 zuwa 1385) ne aka fara ginin masallacin Sultan Hasan a Alƙahira, a 1356. Magina uku ke nan a nahiyoyi biyu, kowanne yana fama da nauyi da tsawo da ɗaukakar ubangidansa, da kayan da ƙasarsa ta ba shi.

Abin da ƙasa ta ci

Bambancin kayan aikin nan shi ne tushen matsalar ɗalibin Kano. Maginin Faris da na Alƙahira da dutse suka yi aiki, saboda haka ana iya zuwa a taɓa abin da hannunsu ya sassaƙa. Maginin Kano da jar ƙasa ya yi, ya mulmula tubali, ya yi rufi da azarar giginya, ya yi yaɓe da makuba. Ginin ƙasa kuwa rayuwarsa a hannun masu gyara take. In ana yi masa yaɓe bayan kowace damina sai ya yi ɗaruruwan shekaru, amma fatarsa ta waje, inda ado yake, sabuwa ce kullum. In aka yi sakaci shekara goma sai ya koma tudu. Tufa da fata da ƙwarya da itace kuma, waɗanda a kansu ne Bahaushe ya fi zuba gwanintarsa, gara da danshi ba sa barinsu.

Daɗin daɗawa, karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa wanda ya koyar a Zariya sa'an nan a Kano, ya auna wannan yanki a shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome shi kowace shekara, ba a barin saura. Gona na manne da gona, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye a cikinsu, jakuna na ɗauko taki daga birni a mangala. Ƙasar da garma ke juyawa kowace shekara tun kaka da kakanni ba ta barin kufai ya kwanta yadda masu shi suka bar shi. Duk abin da ke kusa da sama an farfasa shi, an watsa.

Amma wannan noman da ke ɓatawa shi ne kuma yake tonowa. Manomi yana huɗa sai garma ta fito da tsingaro, ko dutsen niƙa, ko kashin maƙera, ya tsince ya jefa kan iyaka. Shi ya san gonar da ake ce wa kufai, ya san inda tsohuwar ganuwar gari ta bi ko da ta zama ɗan tudu a cikin gero, ya san inda marina take a da, domin tokar katsi tana sauya launin ƙasa. Babu taswirar da ta ƙunshi wannan sani. Kashin maƙeran nan da ake rainawa shi ne ya ba da shekara mafi tsufa da aka sani game da zaman mutane a Kano: gawayin da aka samu tare da burbushin narkar da tama a Dala, da aka auna shi, ya nuna ƙarni na 7, watau shekaru ɗari uku da wani abu kafin 999, shekarar da ake ba zuwan Bagauda.

Abin da littafi ya riƙe

Madogara ta biyu ita ce rubutu, kuma babba a ciki shi ne littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Masu tarihin siyasa sun daɗe suna tatsarsa. Mai nazarin fasaha kuwa da wata tambaya yake buɗe shi: wane kaya ne ya shigo, a zamanin wa, daga ina? Da wannan ido littafin yana da abin faɗi da yawa. Ya ce a zamanin Yaji ne Wangarawa suka zo daga Mali da addini. Ya danganta lifidi da kwalkwali da sulke ga Kanajeji (1390 zuwa 1410). Ya ce a zamanin Dauda wani babban basarake, Dagaci, ya zo daga Barno da tambura da tutoci. Ya ce a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu kuma Fulani suka zo da littattafai, gishirin Azbin ya yawaita. Da ya iso kan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) sai ya lissafa abubuwan da ya ƙago, cikinsu har da gidan sarauta da ake kira da sunansa, da faɗaɗa ganuwa, da Kasuwar Kurmi, da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina.

Kowanne daga cikin waɗannan aikin wani mai sana'a ne. Lifidi sai da masaƙi da maɗinki da manomin auduga. Kakaki sai da maƙerin farfaru. Littafi yana zuwa da salon rubutunsa da tawadarsa da gafakarsa, almajiri ya kwaikwaya, baduku ya kwaikwaya. Sai dai lalle ne ɗalibi ya riƙe abu biyu. Na farko, shekarun da ke manne da sunayen sarakunan nan Palmer ne ya lissafo su da baya da baya daga tsawon mulkin da littafin ya ba kowane sarki, don haka gwargwadon nisan baya gwargwadon rauninsu. Na biyu, masana irin su Murray Last sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa littafin a siffar da aka san shi. Figinin da marubucin ya gani a fadar zamaninsa shi yake da shi a zuci sa'ad da ya rubuta kalmar. Littafi ya ba da suna, bai ba da kama ba.

Kaburburan Durɓi ta Kusheyi

Wanda yake son ganin kaya na ainihi daga wancan zamani a ƙasar Hausa, sai ya bar ƙasar Kano ya nufi arewa, zuwa Durɓi ta Kusheyi a kusa da Mani, tsakanin Katsina da Daura. A can akwai tuddai da al'ada ta ce kaburburan sarakunan farko ne. Palmer ya tona wasu a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka tona wasu, daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka tsabtace su, aka bincika. Abin da ya fito ya sauya yadda ake kallon ƙasar Hausa ta ƙarni na 14 zuwa na 16: kayan ado na zinariya, da mundayen hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da tasoshin tagulla irin waɗanda ake ƙerawa a ƙasashen Musulmi na gabas.

A nan ne nazarin ƙasa guda yake gazawa. Ba mai iya bayanin tasar nan sai ya san ƙirar tagulla ta Misira da Sham a zamanin daular Mamluk. Ba mai iya bayanin wurin sai ya san cewa daga tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldibis. Hanyar da irin waɗannan kaya suka bi ma an ga sawunta. A 1964 Théodore Monod ya tarar da kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan tagulla sama da 2,000 tare da tarin wuri. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takedda a yankin Azbin a 1353, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake narkarwa a can ana kai shi Gobir da Barno. Kuma ayarin ba ya komawa hannu banza. Zinariyar Afirka ta Yamma ce ta cika gidajen buga kuɗi na Magrib da Andalus, har mai zanen taswirar nan ta Katalan ta 1375 ya zana Mansa Musa zaune da curin zinariya a hannu. Manyan gumakan hauren giwa da aka sassaƙa a Faransa a ƙarni na 13 da na 14, kaurinsu ya nuna hauren giwar Afirka ne. Akwai ma wata butar tagulla da aka ƙera a Ingila a ƙarshen ƙarni na 14, wadda sojan Ingila suka tarar a fadar Asante a Kumasi a 1896 suka kwashe. A 2019 wani gidan tarihi na Jami'ar Northwestern a Amurka ya tara irin waɗannan kaya daga Nijeriya da Mali da Maroko da Turai a zaure guda, har da na Durɓi ta Kusheyi. Ɗalibin Faris da ke nazarin gunkin haure yana bukatar Afirka daidai da yadda ɗalibin Kano ke bukatar Alƙahira.

Kama da wane ba ta wane

Kwatanci kayan aiki ne mai kaifi, ya kuwa sha yanke masu riƙe da shi. Sa'ad da Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910, sai ya ce aikin wata ɓatacciyar al'umma ce mai alaƙa da Girkawa, don ya kasa yarda cewa Yarabawa ne suka yi. Palmer kansa, duk da ɗimbin abin da ya tattara, ya kasance da ɗabi'ar jingina kowane abin kirki na ƙasar Sudan ga baƙi daga gabas ko arewa. Tonon da Thurstan Shaw ya yi a Igbo-Ukwu daga 1959, wanda ya fito da ƙirar tagulla ta wajen ƙarni na 9 da na 10, yana cikin abin da ya karya wannan ra'ayi. Amma cutar ba ta mutu ba, takan sake kama ne kawai. Akwai ta a wajen mai cewa kome daga Larabawa aka samo, akwai kishiyarta a wajen mai cewa ba a ari kome daga kowa ba.

Bakan gizo kyakkyawan misali ne. Wanda ya shiga soron Hausa ya ɗaga kai ya ga bakuna sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, in ya taɓa ganin hoton majami'un Faransa ko masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, nan da nan zai ce ga dangi. Ido ne ya ruɗe shi. Bakan dutse yana tsayawa ne saboda kowane dutse yana danne na kusa da shi, nauyi na gangarawa gefe, shi ya sa maginan Turai suke tokare bango daga waje. Bakan gizo kuwa azara ce ake kafawa a cikin bango, a miƙo ta kaɗan, a ɗaure wata a kanta ta ƙara miƙowa, ana lulluɓewa da ƙasa, hawa hawa, har na hagu da na dama su gamu. Ƙashinsa itace ne, ƙasa tsoka ce. Hikima ce ta mutumin da ba shi da dogon katako, azararsa ba ta iya ɗaukar nauyi in ta yi tsawo da yawa, yana kuwa son ɗaki mai faɗi. Sa'an nan ga maganar shekaru: mafi shahara cikin tsofaffin bakunan da suka saura shi ne na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Mika'ilu a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Gwanintar da ke cikinsa ta nuna sana'ar ta daɗe kafin shi, amma ɗalibin da ya ɗauki hoton soron ƙarni na 19 ya rubuta zamanin Rumfa a ƙarƙashinsa ya yi wa ilmi ƙarya.

Haka dagi yake. Wannan ƙulli da ake gani a gaban riga da bangon zaure yana nan a daɓen gidajen Rumawa, da littattafan Kibɗawa, da adon Yarabawa, Turawa ma suna kiransa ƙullin Sulaimanu. Ganinsa a wurare da yawa bai isa hujjar cewa daga wuri guda ya fito ba, tun da duk mai saƙar tabarma yana iya isa gare shi da kansa.

Inda kwatanci ya yi riba sosai shi ne wajen saƙa. A kogunan duwatsun Bandiagara a Mali, inda busasshiyar iska ta hana ruɓa, masana daga Holan sun samo tufafin mutanen Tellem, waɗansu tun na ƙarni na 11 da na 12. Auduga ce aka saƙa ƙyalle ƙyalle marasa faɗi, aka rina da baba, aka haɗa da ɗinki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masaƙan Minjibir zai gane aikin. Wannan bai nuna abin da mutanen Minjibir suke saƙawa a ƙarni na 12 ba, amma ya tabbatar da cewa dabarar kanta ta kai wannan tsufa a ƙasar Sudan. Daga nan sai a dawo ga abin da Heinrich Barth ya gani a 1851, sa'ad da tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, a nemi abin da ya faru a tsakani. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa ƙarfin wannan sana'a a ƙauyuka yake, ba a cikin birni kaɗai ba: manomi ne da damina, masaƙi ko marini da rani.

Aikin da ke gaban jami'a

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gaji sashen zane-zane daga kwalejin da ta gabace ta a Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koyar da fasaha kamar a Turai kaɗai aka taɓa yin ta. A nan ne David Heathcote ya yi bincikensa kan ɗinkin rigunan Hausa, wanda ya kai ga nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. An yi aiki, ba a musu. Sai dai tsarin sassa yakan raba abin da bai rabu ba. Mai karatun Larabci yana da rubutu, mai tonon kufai yana da tsingaro, mai karatun gini yana da soro, mai nazarin Hausa yana da kirarin masu sana'a da sunayen kayan aikinsu, kowa na riƙe da ƙafa guda ta dabba ɗaya.

Su kuwa masu sana'ar ba su san wannan rabuwa ba. Katsin da marini ya kwashe daga ƙasan rijiyar baba shi ake ƙonawa a haɗa da gashin da majemi ya kankare daga fata, a zuba ruwan dafara, a sami laso, wanda magini ke shafe soro da shi, marini kuma ya shafe sabuwar rijiyarsa. Bagaruwar jima da karan dafin da ke ba fata ja da baban rini duk daga gona da bakin gona suke. Ɗalibin da ya fahimci wannan zagaye ya san dalilin da ya sa tudun toka a bayan wani ƙauye na ƙasar Bichi ko Dawakin Tofa ya cancanci a auna shi, a rubuta sunansa, a tambayi dattawa wa ya yi rini a wurin.

Saboda haka horon da ya dace yana da wuya, kuma ba a gajarce shi. Ɗalibi na bukatar Larabci gwargwadon karanta rubutun da ke jikin tasa, da sanin fasahar Misira da Magrib da Turai da Ife gwargwadon gane baƙon abu in ya gan shi, da rani guda aƙalla yana zaune gaban magini ko maƙeri yana kallon hannunsa. Yana kuma bukatar ladabin shiga gonar mutane: ya fara da dagaci da mai unguwa, ya bayyana cewa ba ƙasa ya zo ƙwacewa ba, ba kuma taskar zinariya yake nema ba, domin jita-jitar taska ita ke jawo masu haƙan dare, kamar yadda aka wawashe wuraren gumakan Nok aka sayar a ƙetare.

Lokaci kuma ba ya jira. An sa ganuwar Kano cikin jerin share fage na wuraren tarihi na duniya a 2007, amma dogayen sassanta sun riga sun tafi, an ɗebi ƙasarsu an yi gini, an yanka filaye a kansu. In haka ta sami ganuwar da kowa ya sani, ƙananan ganuwoyin garuruwan karkara ba su da mai tsaya musu. Birni yana cin gonakin Ungogo da na hanyar Dawanau, bulon siminti yana maye gurbin tubali har a ƙauyuka, maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa ba magada. A Fanisau, inda Hugh Clapperton ya iske Sarki Ibrahim Dabo a 1824, gidajen birni sun riga sun iso bakin gari. Aikin farko da sashe zai iya sa ɗalibansa, ba tare da jiran kuɗi daga waje ba, shi ne kowane ɗaya ya koma gundumarsu da hutun rani da littafi da igiyar awo, ya rubuta kowane kufai da tsohuwar marina da tudun kashin maƙera da sunan da mutanen wurin suke kiransa da shi, a ajiye kwafe a jami'a, a ajiye wani a Gidan Makama.